Malcolm X, Alhaji Malik El-Shabazz: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kisansa da Abin da Ya Bari

Duk ranar 21 ga Fabrairu, ranar da aka kashe Malcolm X, sai hoton nan ya sake zagaye wayoyinmu: dogon mutum siriri, da tabarau da ɗan gemu, ya ɗaga yatsa yana magana. Wasu su rubuta "Allah ya jiƙansa" a ƙasa, wasu kuma su tambaya, shin Musulmi ne ma? Na tara tambayoyin da aka fi yi mini a kansa, daga ɗalibai har dattawan da suka fara jin sunansa a rediyo. Mutum ne da nake ƙauna, ba zan ɓoye ba, amma ƙaunar ba za ta hana ni faɗin inda ya yi kuskure ba, domin shi ma bai ɓoye kurakuransa ba.

Wane ne Malcolm X tun asali?

An haife shi ranar 19 ga Mayu 1925 a Omaha, jihar Nebraska ta Amurka, aka raɗa masa suna Malcolm Little. Mahaifinsa Earl mai wa'azin Kirista ne, kuma mabiyin Marcus Garvey, mai kiran baƙar fata su dogara da kansu su tuna da Afirka. Mahaifiyarsa Louise 'yar tsibirin Grenada ce. Saboda wannan aƙida iyalin ba su ga zaman lafiya ba. A 1929 aka ƙone gidansu a Lansing, jihar Michigan. A 1931 aka tsinci mahaifin a kan titin jirgin cikin gari, jirgi ya bi ta kansa. Hukuma ta ce haɗari ne, iyalin kuwa suka riƙe cewa masu tsanar baƙar fata ne suka kashe shi. Malcolm yana da shekara 6 a lokacin.

Talauci da baƙin ciki suka taɓa hankalin uwar, aka kai ta asibitin masu taɓin hankali inda ta shafe sama da shekara 20, 'ya'yan kuma aka rarraba su gidajen mutane. A makaranta yana cikin na gaba-gaba. Ran da ya gaya wa malaminsa cewa lauya yake son zama, malamin ya ce wannan ba burin baƙar fata ba ne, ya nemi aikin kafinta. Daga nan zuciyarsa ta fita daga karatu. Ya koma Boston wurin yayarsa Ella, ya zarce Harlem a New York, ya shiga caca da sayar da ƙwaya da fasa gidaje. A 1946 aka yanke masa ɗaurin shekara 8 zuwa 10, bai cika 21 ba.

Ta yaya ɗan fasa gida ya zama mai wannan irin ilimi?

A gidan yari. Da farko saboda yawan zagin addini da yake yi, 'yan uwansa fursunoni Shaiɗan suke kiransa. Sai 'yan uwansa na jini suka fara aiko masa da wasiƙu kan wata ƙungiyar addini da suka shiga. Ƙaninsa Reginald ya ce masa ya bar cin naman alade, ya bar taba, zai nuna masa hanyar fita. Shi a zatonsa wata dabarar tserewa ce.

Da ya so rubuta wa shugaban ƙungiyar wasiƙa, sai ya ga ba ya iya haɗa jimla mai kyau. Ya nemi ƙamus da allon rubutu, ya fara kwafar ƙamus ɗin da hannu, shafi bayan shafi, sannan ya karanta wa kansa abin da ya rubuta da ƙarfi. Idan aka kashe fitila da ƙarfe 10 na dare, sai ya zauna a ƙasa bakin ƙofar ɗakinsa, inda ɗan hasken baranda ke shigowa, ya ci gaba da karatu. In ya ji takun gandiroba sai ya haye gado ya yi kamar barci yake, in ya wuce ya sauko. Da haka ya kan kai uku ko huɗu na asuba. Duk wanda ya taɓa bitar allonsa da hasken aci-balbal ya san irin wannan naci. Tabaran da muke gani a hotunansa, a nan ya samo larurarsu. An sake shi a 1952.

Me ya sa ya ajiye sunan gidansu ya ɗauki harafin X?

A wurinmu idan baƙo ya zo, tambayar farko ita ce ɗan gidan wa ne, daga wane gari. Mutum ya lissafo kakanni uku ko huɗu ba tare da ya yi tunani ba. Baƙaƙen Amurka an raba su da wannan amsa. Sunan Little na wani Bature ne mai bayi da ya liƙa wa kakanninsa. A lissafi X na nufin abin da ba a sani ba, don haka ya tsaya a madadin sunan Afirka da ya ɓace a cikin jirgin ruwan bayi. Ni a ganina babu wata huɗuba da ya yi da ta kai wannan harafi ɗaya nauyi.

Ƙungiyar da ya shiga, Nation of Islam, Musulunci ce kamar yadda muka sani?

A'a. An kafa ta a Detroit a 1930 ta hannun wani mutum mai suna Wallace Fard Muhammad. Koyarwarta ita ce Allah ya bayyana a siffar wannan Fard, wa'iyazu billahi, kuma magajinsa Elijah Muhammad manzo ne. Suna kuma koyar da cewa wani masani mai suna Yakub ne ya ƙirƙiro fararen fata, kuma su shaiɗanu ne a halittarsu. Babu makarantar allon da za a faɗi wannan a yarda.

Amma kafin mu yi saurin yanke hukunci, a duba abin da ya ja mutane. Ƙungiyar tana ɗauko mashayi daga kwata ta wanke shi, ta sa masa kwat, ta koya masa sana'a, ta hana shi giya da zina, ta ce masa kai mutum ne mai daraja. Ga wanda aka shekara ɗaruruwa ana ce masa shi ba kowa ba ne, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Malcolm ya yi shekara 12 a ciki. Shi ya jagoranci masallacinsu na 7 a Harlem daga 1954, ya buɗe rassa a garuruwa da dama, ya assasa jaridarsu, kuma a zamaninsa mabiya suka tashi daga 'yan ɗaruruwa zuwa dubbai.

To me ya raba su?

Abubuwa uku ne suka taru. A Afrilu 1962 'yan sandan Los Angeles suka harbi 'yan ƙungiyar su bakwai da ba su ɗauke da makami, suka kashe Ronald Stokes. Malcolm ya so a tashi tsaye, Elijah ya ce a yi haƙuri a bar wa Allah. Wannan ya ci masa rai, domin mutanen unguwa sun fara cewa 'yan ƙungiyar nan baki ne kawai gare su.

Na biyu ya fi ciwo. Ya gano cewa Elijah, wanda ke korar mabiya saboda zina, ya haifi 'ya'ya da wasu 'yan matan da ke masa aikin sakatariya. Malcolm ya je ya ji daga bakin matan, sannan ya tunkari shugaban da kansa, shi kuma bai musa ba. Mutumin da ya ɗauka ma'asumi ne, ga abin da ya fito.

Na uku shi ne dalilin da aka bayar a fili. Bayan kisan Shugaba Kennedy a Nuwamba 1963, Malcolm ya yi maganar da ma'anarta ita ce abin da Amurka ta shuka a duniya shi ta girba a gida. Aka dakatar da shi kwana 90, dakatarwar da ba a yi niyyar ɗagewa ba. Ranar 8 ga Maris 1964 ya sanar da ficewarsa. Daga wannan rana zuwa mutuwarsa bai cika shekara guda ba, kuma a cikin waɗannan watanni 11 ne ya zama mutumin da ya fi cancanta a tuna.

Gaskiya ne aikin Hajji ne ya sauya shi?

Hajji ya kammala sauyin da ya riga ya fara. Tun kafin nan ɗalibai Musulmi daga ƙasashen waje sukan tare shi bayan lacca su ce masa abin da yake koyarwa ba Musulunci ba ne. Cikinsu akwai wani ɗalibi ɗan Sudan, Ahmed Osman, wanda ya riƙa aika masa da littattafai. Yayarsa Ella ce ta ba shi kuɗin tafiya, daga abin da take tarawa don nata Hajjin.

A Afrilu 1964 ya sauka Jidda, aka riƙe fasfonsa, domin sai kotu ta tabbatar da Musuluncinsa. Ya kwana a masaukin alhazai na filin jirgi, cikin harami, ba ya jin Larabci, ba wanda ke jin Turancinsa. Wurin nan ne na fi jin tausayinsa. Mutumin da ya shekara sama da 10 ana kiransa limami, dubbai na sauraronsa, ya tarar bai iya salla ba. Ya riƙa kallon na kusa da shi yana kwaikwayo, ƙafafunsa sun ƙi lanƙwasuwa don zaman tahiya, har babban yatsansa ya kumbura. Bai ɓoye wannan ba, shi da kansa ya ba da labari. Daga baya wani mazaunin Jidda, Dokta Omar Azzam, ya zo ya ɗauke shi, Yarima Faisal kuma ya mai da shi baƙon gwamnati.

Daga can ya rubuto wasiƙar da ta girgiza mabiyansa. Ya ce ya ci abinci a kwano ɗaya, ya sha ruwa a kofi ɗaya, ya kwana a shimfiɗa ɗaya da Musulmi masu shuɗin ido da farar fata, bai ga wariya a tare da su ba, kuma dole ya watsar da wasu abubuwan da ya daɗe yana riƙe da su. Ya dawo da suna El-Hajj Malik El-Shabazz.

A nan zan ƙara da nawa. Abin da ya gani a Muna da Arfa gaskiya ne, duk alhaji ya shaida. Amma mu da 'yan uwanmu suka daɗe a can mun san cewa da an cire harami, bambancin launi yana nan a zukatan wasu. Saudiyya kanta a 1962 ta haramta bauta a hukumance, shekara biyu kacal kafin zuwansa. Ya ga abin da addini ke iya yi wa mutane a kwanakin ibada, kuma ya ɗauke shi a matsayin hujja cewa mugunta ba a jini take ba. Wannan hujja ta tsaya, ko da Musulmi sun gaza cika ta.

An ce ya zo Najeriya. Da gaske ne?

Ya zo, ba sau ɗaya ba. Zuwansa na farko a 1959 ne, a wata tafiya da ta haɗa da Masar da Sudan da Ghana. Bayan Hajji, a Mayu 1964, ya sauka Legas ya wuce Jami'ar Ibadan ya yi lacca, inda ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta ba shi sunan Yarbanci, Omowale, wato ɗa ya dawo gida. Ya ce ba a taɓa yi masa karramawar da ta fi wannan daraja a wurinsa ba. Ku tuna da harafin X, sai ku gane dalili.

Daga nan ya tafi Accra, ya gana da Kwame Nkrumah, ya yi jawabi a jami'a da kuma gaban 'yan majalisa. A can ne jakadan Najeriya a Ghana, Alhaji Isa Wali, ɗan Kano, ya shirya masa liyafa, ya sa masa babbar riga da rawani, ya kuma ba shi kyautar fassarar Alƙur'ani. A Accra ɗin ne kuma ya yi kiciɓis da Muhammad Ali, ɗan damben da ya ɗauka kamar ƙani, amma Ali ya juya masa baya saboda biyayya ga Elijah. Ali ya rayu yana nadamar wannan rana.

A Yuli ya koma Alƙahira taron ƙungiyar haɗin kan Afirka, ya miƙa wa shugabanni takarda yana roƙon su kai ƙarar Amurka Majalisar Ɗinkin Duniya. Hujjarsa ita ce, muddin ana kiran matsalar haƙƙin ɗan ƙasa, to maganar cikin gida ce, mai laifi shi ne alƙali. Idan aka kira ta haƙƙin ɗan Adam, duniya na da bakin magana, kamar yadda take yi kan Afirka ta Kudu. A wannan doguwar tafiya ya gana da Nasser da Nyerere da Kenyatta da Sekou Toure da Azikiwe. Gwamnatin Amurka ta sa ido sosai kan wannan yunƙuri.

Yaya aka kashe shi?

Ya san tana tafe, ya sha faɗa a fili. Ranar 9 ga Fabrairu 1965 Faransa ta hana shi shiga ƙasarta. Ranar 14 ga wata, cikin dare, aka jefa kwalaben fetur gidansa da ke Queens, ya fito da matarsa Betty mai juna biyu da 'ya'yansu mata huɗu cikin tsananin sanyi.

Mako guda bayan haka, Lahadi 21 ga Fabrairu, ya je zauren Audubon a Manhattan domin yi wa sabuwar ƙungiyarsa jawabi. Mutane kimanin 400 ne a ciki, kuma ba a caje kowa a ƙofa ba, domin shi ya hana, ba ya son a tsorata jama'a. Da misalin ƙarfe 3 da 'yan mintoci ya hau dandamali ya ce assalamu alaikum, aka amsa masa. Sai hayaniya ta tashi a tsakiyar zaure, wani na ihu wai an sa masa hannu a aljihu. Masu gadi suka juya can. Malcolm na cikin cewa a kwantar da hankali, sai wani ya taso daga gaba da guntuwar bindigar farauta ya harbe shi a ƙirji, wasu biyu suka biyo da ƙananan bindigogi. Betty ta tura yaran ƙasa ta rufe su da jikinta. An ƙirga raunin harbi 21 a jikinsa. Aka tsallaka da shi asibitin da ke daura da zauren, da ƙarfe 3:30 aka tabbatar ya cika. Shekararsa 39.

Wani abu da ba ya fita daga raina: a daren ranar, an goge daɓen zauren, aka yi bikin rawa da aka riga aka shirya. Haka aka ɗauki wurin da ya kamata masu bincike su killace.

Su wa suka kashe shi?

Mutum ɗaya aka kama a wurin, Talmadge Hayer, wanda mai gadi ya harba a ƙafa, jama'a suka rufar masa. Ɗan Nation of Islam ne. Daga baya 'yan sanda suka kamo wasu biyu daga masallacin Harlem, waɗanda aka sani daga baya da Muhammad Aziz da Khalil Islam. A 1966 aka yanke wa ukun ɗaurin rai da rai.

Tun a gaban kotu Hayer ya amsa laifinsa, ya kuma rantse cewa mutanen nan biyu ba su da hannu. A 1977 da 1978 ya rubuta takardun rantsuwa ya ambaci abokan aikinsa huɗu, 'yan ƙungiyar daga jihar New Jersey. Kotu ta ƙi sake buɗe shari'ar. Aziz, wanda a ranar yake gida yana jinyar ƙafa, ya fito a 1985. Islam ya fito a 1987, ya rasu a 2009 da tambarin kisan kai a kansa. Sai ranar 18 ga Nuwamba 2021, bayan binciken wata 22, kotu ta wanke su biyun. Babban mai gabatar da ƙara na Manhattan, Cyrus Vance, ya nemi gafara a gaban kotu. Aziz yana da shekara 83 a ranar. A 2022 birnin New York da jihar suka amince su biya diyyar dala miliyan 36. Shekara 42 suka yi a kurkuku idan aka haɗa, kuma waɗanda Hayer ya ambata ba a taɓa gurfanar da ko ɗaya ba.

Game da shugabannin ƙungiyar, Elijah ya musanta hannu a kisan. Amma wata biyu kafin nan Louis Farrakhan, ɗaya daga cikin limamansu, ya rubuta a jaridarsu cewa irin Malcolm ya cancanci mutuwa, kuma a 2000 ya amince a talabijin cewa kalamansa na iya kasancewa cikin abin da ya share fagen abin da ya faru.

Akwai hannun gwamnati?

Ga abin da ya tabbata. Hukumar FBI ta shekara fiye da goma tana bibiyarsa. Ɗaya daga cikin masu gadinsa, Gene Roberts, wanda aka ɗauka hoto yana hura masa numfashi a baki, ɗan sandan ciki ne. Binciken 2021 ya nuna FBI da 'yan sandan New York sun ɓoye shaidun da za su wanke Aziz da Islam, kuma shugaban FBI, J. Edgar Hoover, ya ba da umarnin kada masu kai musu rahoto su bayyana kansu. A Nuwamba 2024 'ya'yansa suka shigar da ƙarar neman dala miliyan 100 kan FBI da CIA da 'yan sandan birnin. Ra'ayina shi ne, hukumar da ta san ana farautar mutum, tana da idanu a cikin ɗakin, sannan ta bar marasa laifi suka ruɓe a kurkuku don ta rufa wa kanta asiri, ba za ta ce hannunta tsarkakakke ne ba.

An yi masa jana'iza irin ta Musulunci?

An yi. Dubban mutane suka yi layi kwanaki a Harlem don yi masa bankwana. Wani dattijon malami ɗan Sudan, Sheikh Ahmed Hassoun, shi ya yi masa wanka ya sa masa likkafani. Wuraren ibada da dama sun ƙi karɓar taron saboda tsoron bom, sai wata majami'a a Harlem ta buɗe ƙofarta ranar 27 ga Fabrairu, a nan aka yi masa salla. Wannan alheri na Kiristocin nan ya kamata Musulmi su riƙa tunawa. Ɗan wasan kwaikwayo Ossie Davis ya yi jawabin da ya kira shi yarimanmu baƙi mai haske.

A maƙabartar Ferncliff, da aka saka shi, ma'aikatan wurin fararen fata suka tsaya da shebur suna jira jama'a su watse. Abokansa suka karɓi shebur ɗin suka rufe kabarin da hannunsu, kamar dai yadda muke yi wa namu.

Ba tashin hankali ya koyar ba? Ai Martin Luther King ya fi shi.

Kalmarsa da ta fi shahara ita ce a nemi 'yanci ta kowace hanya da ta zama dole. Akwai kuma hotonsa riƙe da bindiga yana leƙen taga, wanda aka ɗauka lokacin da ake barazanar kashe iyalinsa. Amma a duba zamanin. A Yuni 1963 aka harbe Medgar Evers, ɗan fafutukar 'yancin baƙar fata, a ƙofar gidansa. A Satumba aka tayar da bom a wata majami'ar baƙar fata a Birmingham, jihar Alabama, 'yan mata huɗu suka mutu. Abin da Malcolm ya ce shi ne, inda gwamnati ta kasa kare ka, kana da haƙƙin kare kanka. Bai taɓa jagorantar tarzoma ba, bai kai wa kowa hari ba.

Sau ɗaya suka haɗu da King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata ta hanyar lumana, ranar 26 ga Maris 1964 a majalisar dokokin Amurka, na ɗan lokaci kaɗan. Ya sha sukar King da kakkausan harshe, wani lokaci har ya wuce gona da iri. Amma a farkon Fabrairu 1965 ya je Selma lokacin King na tsare, ya gaya wa matarsa Coretta cewa bai zo don ya dagula musu aiki ba, ya zo ne don Turawa su ga abin da ke jiransu in suka ƙi sauraron mijinta. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 da ta 'yancin zaɓe ta 1965, tafiyar King ce ta kawo su, wannan ba gardama. Malcolm kuwa ya ce in an soka maka wuƙa inci tara aka zaro shida, ba a ce an ci gaba ba, sai an cire ta duka an yi maganin raunin. King ma harbe shi aka yi, a Memphis a 1968, shi ma yana da shekara 39.

Ba shi da aibu ke nan?

Yana da shi. Ya shekara 12 yana koyar da cewa wata al'umma gaba ɗaya shaiɗanu ce. A 1962 da jirgin sama ya faɗi a Paris da fararen fata sama da 100 'yan jihar Georgia, ya nuna murna a bainar jama'a, abin da ba shi da kyan ji ko kaɗan. A 1961 ya zauna da 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu tsanar baƙar fata, a Atlanta da umarnin Elijah. Maganganunsa na farko kan mata ma akwai raini a ciki. Kuma horon makauniyar biyayya da ya taimaka aka gina a ƙungiyar, shi ne ya juyo kansa.

Abin da ya bambanta shi shi ne yadda ya yi da waɗannan. Shi ya tona zancen zama da Klan da bakinsa, kwana shida kafin a kashe shi. Ya tuna wata ɗaliba Baturiya da ta biyo shi Harlem tana tambayar me za ta iya yi, ya ce mata babu, ta fita tana kuka, ya ce yana nadamar wannan amsa. Bayan zagayen Afirka ya ce ya lura duk ƙasar da ta ci gaba, matanta sun samu ilimi. Shugabanni nawa muka sani, na siyasa ko na addini, da za su tsaya gaban mabiyan da suka tara da wata magana su ce wancan karatun da na ba ku kuskure ne? Ya san zai rasa masallaci da gida da abokai, ya kuma san zai iya rasa ransa, ya faɗa duk da haka.

Me ya bari?

Bai bar gini ba, bai bar dukiya ba, ƙungiyoyi biyun da ya kafa bayan ficewarsa ma ba su yi ƙarfi bayansa ba. Littafin tarihin rayuwarsa da ya faɗa wa marubuci Alex Haley ya fito a ƙarshen 1965, kuma ta hanyarsa mutane da yawa, musamman a gidajen yari, suka shiga Musulunci. Matasan da suka kafa Black Panther, ƙungiyar kare kai ta baƙar fata, a 1966 daga gare shi suka sha. A 1975 da Elijah ya mutu, ɗansa Warith Deen Mohammed ya ja mafi yawan mabiya zuwa Musuluncin Sunna, hanyar da Malcolm ya riga su bi. Gwamnatin da ta yi masa leƙen asiri ta buga hotonsa a kan tambarin wasiƙa a 1999.

Amma babban gadonsa a cikin madubi yake. Yana saurayi ya taɓa shafa wa kansa haɗin sinadari mai ƙuna don gashinsa ya miƙe irin na Bature, ya daure wa zafin kamar fatar kansa za ta saluɓe, ya kalli madubi yana murna. Daga baya ya ce wannan ne matakinsa na farko na wulaƙanta kai. A Los Angeles a 1962 ya tambayi jama'a wa ya koya musu ƙin launin fatarsu da irin gashinsu da siffar hancinsu. Duk lokacin da na ratsa layin masu man bilicin a kasuwa, na ga yarinya kyakkyawa fuska ta yi ja, gaɓoɓin yatsu sun yi baƙi, tambayar nan ce ke faɗo mini.

Ina iyalinsa suka kwana?

Betty ta haifi tagwaye mata bayan rasuwarsa, 'ya'ya suka zama shida, duka mata. Ta yi aikin Hajji a shekarar, ta rene su ita kaɗai, ta koma karatu har ta samu digirin digirgir a 1975, ta yi aiki a kwalejin Medgar Evers da ke Brooklyn. Ta rasu a Yuni 1997 sakamakon ƙunar gobara, aka binne ta kusa da mijinta. Ɗaya daga cikin tagwayen, Malikah, ta rasu a Nuwamba 2021, kwanaki kaɗan bayan an wanke Aziz da Islam. Sashen da ya rage na zauren Audubon yanzu cibiyar tunawa da su biyun ce, an buɗe ta a 2005. Duk ranar 19 ga Mayu motocin safa kan tashi daga Harlem zuwa Ferncliff da masu ziyara. Kabarin ba shi da gini, ɗan allo ne shimfiɗe a kan ciyawa, ɗauke da sunansa na Hajji da shekarun 1925 da 1965.